Yaushe Ne Aikin Gwamnati Yake Kammala?

A takardun hukuma, an kammala ginin madatsar ruwa ta Goronyo da ke jihar Sakkwato a shekarar 1984, amma ba a ƙaddamar da ita ba sai a 1992. Duk wanda ya ɗora waɗannan shekaru biyu kusa da juna dole ya tambayi kansa halin da madatsar take ciki a shekaru 8 ɗin da ke tsakani, domin idan har ta kammala babu abin da ake jira, idan kuwa akwai abin da ake jira to ba a san hujjar cewa ta kammala ba. Maganar ma ba ta tsaya a 1992 ba, saboda ɗaya daga cikin manyan dalilan tare kogin Rima shi ne a kai wa manoman kwarin ruwan noman rani har gonakinsu, kuma shimfiɗa hanyoyin wannan ruwa aiki ne da aka yi ta jan ƙafa a kansa, har ta kai ga shirin gyaran noman rani da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya haɗa da kwarin Rima da kuma yankin madatsar Bakolori. Manomin albasa na Goronyo da injiniyan da ya sa hannu a takardar 1984 ba su taɓa nufin abu ɗaya ba idan suka ce an kammala madatsar.

Ra'ayina a kan wannan ba mai sarƙaƙiya ba ne. Bai kamata a kira aikin da aka yi da dukiyar jama'a kammalalle ba sai ranar da ya fara yi wa jama'a abin da aka gina shi domin sa, kuma kafafen yaɗa labarai na Hausa, waɗanda ta bakinsu ne mafi yawan mutanen Sakkwato suke jin labarin ayyukan gwamnati, suna da alhakin daina ba wa kalmar da ɗan kwangila ya rubuta a takardarsa nauyin da ba nata ba.

Tushen ruɗanin yana cikin harshen da ake rubuta kwangila da shi. Galibin takardun aikin gwamnati a Najeriya, daga tallar neman 'yan kwangila har zuwa jawabin da ake karantawa ranar biki, da Ingilishi ake tsara su, kuma kalmar da take yawo a cikinsu ita ce complete da 'ya'yanta. Asalinta daga Latin ne, daga wata kalma mai nufin cika abu har baki, kuma har yau wannan ma'ana tana nan a duk inda aka yi amfani da ita. Idan aka siffanta abu da ita, ana nufin babu ɓangarensa da ya ɓata, kamar jerin littattafan da babu juzu'in da ya yi ƙafa. Idan ma'aikacin banki ya miƙa maka fom ya ce ka yi masa hakan, yana nufin ka cike kowane gurbi, kuma zai dawo maka da shi idan ka bar layi ɗaya fayau. Idan malami ya rubuta rabin jimla a allo ya ba ɗalibai umarni da ita, yana nufin su kawo abin da ya rage domin magana ta tashi da ma'ana. Wannan ya bambanta ta da 'yar'uwarta finish, wadda tushenta iyaka ne ko ƙarshe, shi ya sa Bature yake amfani da ita ga abincin da aka cinye da kuɗin da suka ƙare, abubuwan da ba wanda zai ce sun cika. Abu yana iya kai ƙarshe ba tare da ya cika ba, kuma harshen ya ware wa kowane hali kalmarsa.

Hausa ba ta gaza a nan ba, har ma ta fi yalwa. Muna cewa an gama idan an ɗauke hannu daga aiki, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Muna cewa ya ƙare, kuma wannan tana ɗaukar aikin da aka kai ƙarshensa da kuma hatsin da babu saura a rumbu. Muna cewa a ƙarasa, ko a ida kamar yadda muke faɗa a nan yamma, idan an faro abu an bar saura. Kammala kuwa daga Larabci muka aro ta, daga tushen da ya ba mu kamala da kamili, kuma kunnen Bahaushe yana jin ta da nauyin abin da babu tawaya a tare da shi. Don haka masu fassarar labarai da suka zaɓi kammala ba su yi kuskure ba ta fuskar ƙamus, kalmomin biyu sun dace da juna ƙwarai. Abin da ya faru shi ne, a cikin ofisoshin kwangila kalmar Ingilishin ta sami wata ƙunƙuntacciyar ma'ana ta sana'a, mu kuma a waje muna karɓar ta da faffaɗar ma'anarta ta asali.

A tsarin kwangilar gini, kammalawa hawa-hawa ce. Akwai matakin da injiniya ko mai zanen ginin da ke duba aikin zai zagaya ya ga cewa an yi abin da aka rubuta, saura ƙananan gyare-gyaren da ba za su hana amfani da wurin ba, sai ya ba da takardar shaida. Daga wannan rana ake fara ƙirga wani wa'adi, galibi wata 6 ko shekara 1, wanda a cikinsa duk tsagewar bango ko yoyon rufi da ya bayyana wuyan ɗan kwangila yake, kuma domin a tabbatar zai dawo ya gyara, ana riƙe wani yanki na kuɗinsa, yawanci kashi 5 cikin 100. Sai wa'adin ya cika an sake dubawa sannan a ba da takardar ƙarshe a sake masa ragowar kuɗinsa. Kowanne daga cikin waɗannan matakai ana kiransa kammalawa a takarda, tare da wata kalma a gabanta da ke fayyace wanne ake nufi, kuma wannan kalma ta gaba ita ce take faɗuwa a hanya kafin labari ya iso rediyo.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ma'aunin da ake auna kammalawar da shi. Injiniya ba ya tambayar ko asibiti yana warkar da marasa lafiya, kuma ba aikinsa ba ne ya tambaya. Yana riƙe ne da kundin da ya lissafa yawan bulo da rodi da kwanon rufi da ƙofofi da fenti, yana duba ko an sa abin da aka lissafa. Idan kwangilar ta ce a gina ɗakuna shida da ban-ɗaki biyu, kuma an gina su, to kwangila ta cika ko da babu gado ɗaya a ciki. Ɗan kwangilar da ya karɓi takardarsa a wannan hali bai yi ƙarya ba. Ƙaryar, idan akwai ta, tana shigowa ne lokacin da jami'i ya ɗauki jimlar da ke nufin an cika sharuɗɗan kwangila ya tsaya gaban jama'a ya ce an kammala musu asibiti.

Na ga irin wannan asibiti a wani ƙauye da ke gabashin jihar nan ta Sakkwato, kuma duk wanda yake yawo a karkara ya ga ɗan'uwansa. Gini ne mai kyau, fentin kore da fari bai ko dushe ba, an kewaye shi da katanga, ga allon ƙarfe a bakin ƙofa ɗauke da sunan aikin da sunan wanda ya kawo shi, a ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa an kammala. Ƙofar tana kulle da kwaɗo, mabuɗin yana hannun wani dattijo da mai gari ya ɗora wa gadin wurin ba tare da albashi ba. Da ya buɗe mana, ƙurar hunturu ta kwanta a kan tayil har sawunmu yana fitowa, fankokin silin suna rataye da ledarsu, wayoyin lantarki sun leƙo daga bango babu inda suka nufa domin garin ba shi da taransifoma. A bayan ginin an kafa ƙarfen tankin ruwa mai tsawo an ɗora tanki, amma ba a haƙa rijiyar burtsatsen da za ta cika shi ba, saboda ita wata kwangila ce daban da ba a bayar ba. Zanzaro ya yi ɗaki a kusurwar ɗakin da aka rubuta wa sunan ɗakin haihuwa. Dattijon ya ce da ni, “Malam, ranar da aka buɗe shi an zo da gadaje da ma'aikata cikin fararen kaya, da la'asar motar da ta kawo su ta mayar da su.” Matan garin har lokacin a bayan babur ake ɗaukar su zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma idan haihuwa ta zo da gardama. A rahoton shekara na ofishin da ya bayar da aikin kuwa, babu shakka wannan gini yana cikin jerin nasarori.

Ba mugunta ce kaɗai take haifar da haka ba, tsarin kasafin kuɗi ma yana da hannu. Kuɗin gini suna fitowa ne daga ɓangaren manyan ayyuka, albashin ungozoma da kuɗin magani da man janareto kuma daga ɓangaren ayyukan yau da kullum, kuma sau da yawa ba hukuma ɗaya ce take riƙe da su ba. Ɗan majalisar tarayya yana iya sa gina asibiti a cikin ayyukan mazaɓu, wata hukumar tarayya da ba ruwanta da kiwon lafiya ta bayar da kwangilar daga Abuja, alhali ɗaukar ma'aikata yana hannun jiha ko ƙaramar hukumar da ba wanda ya shawarce ta kafin a aza harsashi. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓun kansiloli 244, kuma manufar da aka daɗe ana faɗa a ƙasar nan ita ce kowace mazaɓa ta sami aƙalla cibiyar lafiya ɗaya mai aiki. Gina ɗakuna 244 abu ne da kuɗi kaɗai za su iya yi cikin shekara guda. Samar da ungozomar da za ta yarda ta kwana a ƙauye, musamman a yankunan da matsalar tsaro ta addaba, shi ne aikin da ba shi da ranar biki, shi ya sa ba a rububinsa. A 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, da kansa ya koka cewa an ware kimanin naira tiriliyan 1 ga ayyukan mazaɓu cikin shekaru 10 ba tare da talaka ya ga tasirin da ya kai haka ba.

Akwai kuma wata dabara da ta fi faɗin an kammala wayo, wato a ce aiki ya kai kashi kaza cikin ɗari. Lamba tana da kwarjini, mai sauraro yana jin kamar an auna ne da sikeli. Amma kashin da ake faɗa yawanci yana nuna yawan kuɗin da aka kashe ne ko yawan kayan da aka kafa idan aka kwatanta da abin da ke cikin kundi, ba ya nuna kusancin aikin da ranar da zai fara amfani. Babu misalin da ya kai kamfanin ƙarafa na Ajaokuta a jihar Kogi. An ƙulla yarjejeniyar gina shi da Tarayyar Sobiyet a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinsa a 1980, kuma tun 1994 ake cewa ya kai kashi 98 cikin 100. Yaron da aka haifa a shekarar da aka fara faɗin wannan lamba yanzu magidanci ne, amma babban tanderun da zai narka tama bai taɓa fitar da narkakken ƙarfe ba. Kashi 2 ɗin da suka rage su ne kamfanin gaba ɗaya, domin masana'antar ƙarfe da ba ta narka ƙarfe tarin injuna ce kawai, kuma injunan da suka yi shekara 30 a ajiye ba sa tsayawa a kashi 98 suna jiran mu, tsatsa tana cin su, fasaharsu tana tsufa.

Ba sai mun je Kogi ba ma. A 2008 gwamnatin jihar nan ta bayar da kwangilar tashar lantarki mai zaman kanta mai ƙarfin megawat 38, kuma sama da shekara 10 bayan haka gwamnatocin da suka biyo baya suna ta maganar ƙarasa ta, kowace da nata kashin cikin ɗari. Tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara a cikin garin Sakkwato, waɗanda zafin watan Afrilu yake sa su sayen man janareto da rabin ribarsu, ba su da wata hanya ta amfana da kashi 80 ko 90 na tashar lantarki. Ko dai wuta ta zo ko ba ta zo ba. Tashar da aka kafa injinta amma ba a warware batun makamashin da za ta riƙa sha ba, a jihar da bututun gas bai iso ba, tana iya kai kashi 100 a kundin injiniya ta kuma ci gaba da yin shiru.

Adalci ya wajabta a faɗi ɓangaren ɗan kwangila, domin a hirar majalisa shi ake ɗora wa laifi duka, alhali ba kullum ne shi ya gudu ba. Dokar sayen kayayyaki da bayar da kwangila ta tarayya ta 2007 ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami da kada su wuce kashi 15 cikin 100, daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga su zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar cikin gida. Sauran kuɗin sai an yi aiki an auna sannan a biya, kuma biyan yana iya makalewa wata da watanni saboda abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban. A cikin wannan jira farashi ba ya jira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500, siminti da rodi da kwalta kuma suka bi ta. Wanda ya karɓi aiki da tsohon farashi ya wayi gari kuɗin da suka rage ba za su kai shi rufi ba, sai ya nemi a sake duba kwangilar, takardarsa ta shiga layi, ma'aikatansa su watse. Idan kuma zaɓe ya zo a tsakani, sabuwar gwamnati ta fi son aza nata harsashin a kan ƙarasa na wanda ta kayar. Kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ba da rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan tarayya 11,886 da aka faro ba a ƙarasa ba, waɗanda ƙarasa su zai ci naira tiriliyan 7.78 a kuɗin wancan lokaci. Waɗannan su ne waɗanda aka yarda ba a ƙarasa ba. Asibitin da na bayyana a sama ba zai taɓa shiga irin wannan lissafi ba, tun da shi a takarda lafiyarsa ƙalau.

Kalmar ƙaddamarwa ma irin wannan rabuwar ta same ta. A wurin injiniyoyi, kalmar Ingilishin da muke fassarawa da ƙaddamarwa, wato commission, tana nufin a kunna injin ko a saki ruwa a bututu a gwada shi a ƙarƙashin nauyin aiki na gaske har a tabbatar yana yi. A wurin 'yan siyasa tana nufin rumfa da makaɗa da yanke ƙyalle. Ana iya yin na biyun ba a yi na farkon ba, kuma an fi yin haka a watannin ƙarshe na mulki, lokacin da kowa yake son a manna allo mai sunansa kafin ya sauka. Daga nan ne gardamar wa ya kammala take tasowa. Layin dogo na Abuja zuwa Kaduna an gama shimfiɗa shi a ƙarshen 2014 a zamanin Jonathan, jirgi ya fara ɗaukar fasinja a watan Yulin 2016 a zamanin Buhari, kuma magoya bayan kowannensu suna da ranar da suke riƙe da ita. A ganina masu riƙe da 2016 sun fi kusa da ma'anar kalmar, ba don fifita wani shugaba ba, sai don a wannan shekarar ce mutum ya fara sayen tikiti ya zauna ya isa Kaduna. Wannan bai rage komai daga haƙƙin wanda ya shimfiɗa ƙarfen ba, kuma da muna da al'adar faɗin wanda ya faro da wanda ya ƙarasa a allo ɗaya, da an rage ƙyashin da ke sa a yi watsi da aikin magabaci.

Akwai wani ɓangare na cikar aiki da kundin injiniya ba ya ɗauke da shi ko kaɗan, shi ne haƙƙin mutanen da aikin ya taɓa. An gama ginin madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, a lokacin yankin yana cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Ruwa ya mamaye gonaki da garuruwa, an tayar da dubban mutane, batun diyya da rabon filaye kuma bai daidaita ba, har manoma suka tare hanyoyin aikin, aka kai ga abin da ya faru a watan Afrilun 1980 lokacin da 'yan sanda suka murƙushe su aka rasa rayuka. Bangon madatsar ya cika tsawonsa da faɗinsa shekara 2 kafin wannan rana. Duk wanda zai ce aikin ya kammala a 1978 sai ya fara cire manoman daga cikin lissafi, kuma dominsu ne aka ce an yi shi.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce da babu gara ba daɗi, ginin da ke tsaye yau ana iya kawo masa ma'aikata gobe, kuma idan aka ƙi yaba wa wanda ya gina sai an sami komai, to za a kashe gwiwar masu ƙoƙari. Za a kuma ce idan aka bi wannan ma'auni babu aikin da zai taɓa kammala, tun da makaranta kullum tana buƙatar ƙarin malami, hanya kullum tana buƙatar gyara. Amsar ta biyun mai sauƙi ce, domin ba kamalar da ba ta da iyaka nake nema ba. Ina nufin mafi ƙarancin abin da ke sa a kira abu da sunansa, wato rijiya ta ba da ruwa, aji ya sami malami da ɗalibai, asibiti ya buɗe da safe a sami wanda zai duba mara lafiya. Ta farkon kuwa, ban hana a yaba ba, a ce an gama ginin a gode wa wanda ya gina. Illar kiran sa kammalalle ita ce tana rufe fayil. Garin da aka rubuta cewa yana da asibiti ya fita daga jerin garuruwan da ke buƙatar asibiti, idan mutanensa suka je da koke a buɗe littafi a nuna musu cewa nasu ya riga ya samu. Ginin da babu kowa a ciki kuma ba ya jiran gobe yadda ake zato, domin iskar farkon damina tana yaye kwano, gara tana cin ƙofofi, ɓarayi suna kwance wayoyi da tagogi, bayan 'yan shekaru sai a sake bayar da kwangilar gyara abin da ba a taɓa amfani da shi ba.

Wannan ɗabi'a ta auna cika da takarda ta wuce gine-gine. Muna cewa yaro ya kammala firamare idan ya kai aji 6 ya karɓi shaida, kuma ƙididdigar hukuma haka take ƙirga shi, ko da ba zai iya karanta wasiƙar da aka aiko wa mahaifinsa ba. Malaman sakandare sun fi kowa sanin yawan irin waɗannan yara, tun da su ne suke komawa da su kan baƙaƙe da wasula.

Gyaran da ya fi sauƙi, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi, yana ɗakin labarai. Idan sanarwa ta zo daga ma'aikata da Ingilishi, mai fassara yana da damar ɗaga waya ya tambayi wane mataki ake nufi, sannan ya faɗa da Hausar da ta dace, ya ce an gama ginin amma ba a kawo kayan aiki ba, ko ɗan kwangila ya miƙa aikin ga ma'aikata, ko an fara duba marasa lafiya tun ranar kaza. Idan aka ce kashi 90, ya tambayi abin da ke cikin kashi 10 ɗin da ya rage, da kuɗinsa, da ko suna cikin kasafin bana. Wakilin da aka gayyata bikin yanke ƙyalle yana iya komawa wurin bayan wata 3 ba tare da gayyata ba, kuma wannan komawar ita ce labarin, domin ranar biki kowa ya san abin da zai gani. Doka ma tana bayan mai tambaya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC kuma tun 2019 take bin sawun ayyukan mazaɓu tana tilasta wa wasu 'yan kwangila komawa bakin aiki, ƙungiyar BudgIT tana da shirin Tracka da ke wallafa ayyukan da aka sa wa kowace mazaɓa a kasafi. Ƙungiyar ci gaban gari da ta san adadin kuɗin da aka ware da abin da kwangilar ta ƙunsa ta fi ƙarfin a sallame ta da kalma ɗaya.

Gwajin da ke gabanmu babba ne. A 2024 aka ƙaddamar da fara aikin babbar hanyar da za ta tashi daga Illela a kan iyakar Nijar ta dire Badagry a jihar Legas, mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka fara maganarta tun zamanin Shagari, kuma sashen farko na kilomita 120 yana cikin jihar Sakkwato. Aiki ne da aka yanka gunduwa-gunduwa, kowane yanki da kwangilarsa da takardar shaidarsa, don haka za mu ji an ce an kammala sau da yawa kafin mota ta tashi daga Illela ta isa teku a kansa. Duk lokacin da aka faɗa, ya kamata a tambaya daga wane gari zuwa wane gari, hannu ɗaya ne ko duka biyun, an gama gadoji da kwalbatoci da magudanan ruwa ko an bar su sai wani zagaye, an haɗa hanyar da garuruwan da ta ratsa ko sai dai su hango ta, sannan manoman da ta bi ta cikin gonakinsu an biya su diyya ko har yanzu sunayensu suna cikin fayil.